Aska a Ɗakin Kujeru

Shafi na 19

Kawu ne ya fara hango shi. Ya ratso tsakanin teburan baƙi da saurin da ba a san masu tumbi da shi ba, ya zo bayan kujerar Yaya ya sunkuya daidai kunnenta.

"Tashi. Ubanku yana bakin ƙofa."

Yaya ba ta juyo ba. Murmushin da ta manna a fuska tun safe saboda dangin amarya yana nan inda ta ajiye shi.

"Wane uban?"

"Nawa gare ku?"

"A wane hali yake?"

"A wanda kika sani. Maigadi ya tare shi, shi kuma yana gaya wa maigadin wai wanda ya yi masa gyaran fuska maƙiyinsa ne."

Ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi, ta ce wa matan teburin bari ta leƙa masu abinci.

Ita ce babba a ɗakinsu. Ita ta riƙe Auta tun rasuwar mahaifiyarsu shekara shida da suka wuce. Ita ta nemo wannan zauren, ita ta tsara liyafar aurensa tun daga launin labule har zuwa wanda zai zauna kusa da wa. Ita ce kuma, wata biyar baya, ta zauna a falon Alƙali, uban amarya, ta sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki ta ce mahaifinsu ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, ba ya tashi, ba ya kuma son a gan shi haka. Kawu, ƙanin marigayiya, yana gefe yana gyaɗa kai, har da goge ido da bakin riga.

Ƙarya ce mai tsabta, ba ta wari. Gaskiyar ce ke wari, ga ta kuma a bakin ƙofa da rana tsaka.

Yana tsaye cikin farar rigarsa ta zuwa taro. An goge ta sosai, sai dai maɓalli na biyu ya shiga ramin na uku. A hammatarsa akwai tsohuwar jakar fata da Yaya ta sani tun tana rarrafe. Shekara arba'in ya yi yana aski, kafin kwalba ta kore masa rabin mutanensa, masu aski da inji su kwashe sauran.

"Uwata," ya ce, yana tangaɗi kaɗan. "Ke ce kika yi kyau haka? Na zaci matar wani babba ce."

"Baba, zo mu zaga ta nan."

"Ba zama na zo yi ba. Na ga hoton Auta a waya. Wa ya yi masa aski?"

"Zo mu je tukuna."

"Ƙeyar ta karkace. Hagu ta fi dama hawa da faɗin yatsa. Yaro zai juya wa mutum ɗari uku baya da karkatacciyar ƙeya, alhali ubansa yana numfashi."

Ita ta kama hannu ɗaya, Kawu ya kama ɗaya, suka bi da shi ta lungun gefe. Suka wuce kicin inda ake ta ƙwanƙwasa tukwane, suka kai wani ɗan ɗaki da masu zauren ke jibge kayan da ba a bukata. Kujeru ne a jere, wata kan wata har rufi, da fanka mara kai, da naɗaɗɗen kafet. Taga ɗaya ce can sama. Ta cikin bango ana jin mai gabatarwa a lasifika yana cewa an zo abu na biyar a jerin shirin taro.

Kawu ya tura ƙofa ya jingina da ita.

"A zuba masa ruwan ƙanƙara a ka, a sa shi a mota. Tawa tana bayan kicin."

"Motar da ba ta tashi sai an tura?" in ji Baba. "Ni da nake a buge ma na fi ta tafiya."

"Kin ji ko. Bakin dai bai bugu ba."

Baba ya tsuguna ya buɗe jaka. Hannunsa yana rawa har sabulu ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kujeru. Buroshi ya biyo baya. Ya zaro doguwar fatar da yake wasa aska a kai, sannan ya zaro askar kanta, a naɗe cikin ƙyalle.

Kawu ya lalubi mariƙin ƙofa ta bayansa.

"Ni dai ina da iyali."

"Baba, mayar da ita," in ji Yaya.

"Minti biyar zan yi. In gyara masa ƙeya in tafi."

"Ba za ka taɓa shi ba. Ka ga hannunka kuwa?"

Ya duba hannun kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

Abin da ta danne tun a bakin ƙofa ya taso mata. Ba ta ɗaga murya ba, don bangon ba shi da kauri.

"Shekara shida muna kwaso ka daga bakin titi. Shekara shida ina ba maƙwabta haƙuri. Yini ɗaya na roƙa, Baba. Yini ɗaya tal."

"Kin roƙa? Wa kika roƙa?"

Ta juya ta dubi tulin kujeru.

"Yaushe rabonki da ɗakina, Uwata?"

"Kullum ina aiko abinci."

"Kula tana zuwa, na gode. Amma kula ba ta da ido."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Sau biyu, ba da ƙarfi ba.

Kawu ya buɗe kaɗan, ya cusa tumbinsa a tsakani. Yaya ta ji muryarsa ta koma ta mutumin da ke neman alfarma.

"Ranka ya daɗe. Ai nan ɗakin ajiya ne, kujeru ne kawai."

"Na gani. Matsa."

Kawu ya matsa.

Shekara talatin Alƙali ya yi a kan kujerar shari'a kafin ya ajiye aiki. Ba ya tsawa, ba ya katse mutum. Yakan bar ka ka gama maganarka tsaf, kuma abin da ya hallaka yawancin waɗanda suka tsaya gabansa ke nan. An ce ya taɓa korar manemin babbar 'yarsa saboda yaron ya ƙara wa kansa shekara ɗaya a makaranta.

Ya shigo ya dubi Yaya, ya dubi mutumin da ke tsugune da aska, wanda aka gaya masa ɓarin jikinsa ya shanye.

 

Baba ne ya ɗago. Ya ƙyafta ido, ya washe baki.

"A'a. Mai Laraba. Kai ma an gayyace ka?"

"An gayyace ni."

"Yau ai Asabar ce."

"Larabar nan ban samu zuwa ba, hidima ta yi mini yawa." Alƙali ya shafa kumatunsa. "Ka ga yadda saje ya koma."

"Na gani tun daga ƙofa. Kamar gonar da mai ita ya yi tafiya."

Alƙali ya sa hannu ya sauko da kujera ɗaya daga kan tulin, ya kaɗe ta, ya ajiye ta inda hasken taga ke sauka. Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"To bisimilla."

Yaya ta matso.

"Ranka ya daɗe, don Allah. Ba ya cikin hayyacinsa."

"Na ji warin tun daga lungu, 'yata. Ni na ajiye aiki, hancina bai ajiye ba." Ya juya ga Kawu. "Malam, a samo mana ruwan zafi a kicin, da tsumman tebur mai tsabta."

Kawu bai taɓa jin daɗin aike irin na ranar ba. Ya fita da sauri, ya dawo da kofin silba yana tururi, ya ajiye daga nesa, ya koma bakin ƙofa inda mai iyali ya kamata ya tsaya.

Baba ya miƙe da ƙyar, sai da ya dafa bango. Ya ɗaura wa Alƙali tsumman a wuya, ƙullin ya kwance, ya sake ɗaurawa. Yaya ta ciro sabulun daga ƙarƙashin kujeru ta miƙa masa, ba ta san dalilin da ya sa ta yi hakan ba. Ya kaɗa kumfa, rabi a fuskar Alƙali, rabi a ƙasa.

Ya maƙala fatar a ƙafar wata kujera, ya ja ta ta miƙe. Ya warware ƙyallen.

Yaya ta ga askar tana kaɗawa a hannunsa, haskenta yana yawo a rufin ɗakin. Ta hango jini a kan farar riga, ta hango amarya tana kuka a gaban mutum ɗari uku. Ta yi taku ɗaya gaba.

Alƙali ya ɗaga mata yatsa ɗaya, idonsa a rufe.

Askar ta sauka kan fata. Sama, ƙasa. Sama, ƙasa. Da farko sautin yana tuntuɓe. A ja na shida ya daidaita. A na goma ya zama sautin da take ji daga shago tana ƙarama, lokacin da mahaifiyarsu ke cewa ku yi shiru, ubanku yana kan wuyan mutum.

Baba ya ɗora tafin hagunsa a tsakiyar kan Alƙali. Ya tsaya haka numfashi uku, bai motsa ba. Haka yake yi wa kowa, tun tana jin mutane suna tsokanarsa cewa yana auna kai ne kamar kankana.

Da ya ɗaga hannun dama, hasken da ke rufi ya tsaya cik.

Yaya ta kalli hasken, ta kalli hannun. Mutumin dai shi ne, warin dai shi ne, ƙafafunsa ma har yanzu ba su gama yarda da ƙasa ba. Amma daga kafaɗa zuwa yatsu wani mutum ne daban, wanda ta ɗauka an binne shi tare da mahaifiyarsu. Askar ta gangaro daga saje zuwa muƙamuƙi a ja ɗaya, ba ƙara sai ɗan shuu, ta bar fata sumul a bayanta. Ya goge kumfa a bayan hannunsa. Ya ja kunne da yatsa biyu, ya zagaye shi kamar mai rubutu.

Kawu ya manta da iyalinsa, ya matso.

"Ikon Allah," ya ce a hankali.

Lasifika ta ce an zo abu na shida.

Duk sanda askar ta ɗaga, Alƙali yakan saka magana, kamar yadda masu zaman kujerar aski suka saba.

"A nawa muka tsaya?"

Baba ya goge kumfa daga askar.

"Ɗari da arba'in da ɗaya."

"Da yau biyu ke nan."

"Da ya zama haka."

"Ɗari da arba'in da ɗaya na me?" in ji Yaya.

Alƙali ya buɗe ido ɗaya.

"Na kwana. A bangon shagonsa, gefen madubi, akwai zane da alli. Kowane zane kwana ɗaya ne da bai sha ba. Na zaci kin gani."

Ba ta gani ba. Rabonta da shagon tun kafin a fara maganar auren nan.

"Ranar da kika zo gidana," in ji Alƙali, "kin yi magana da kyau. Shi ma wannan bawan Allah ya yi kuka da kyau." Kawu ya dubi fanka mara kai. "Sai dai na daɗe ina jin mutane suna kwatanta ciwo. Wanda ya yi jinya da gaske yakan faɗi sunan magani, ya faɗi wahalar juya mara lafiya. Ke ba ki faɗi ko ɗaya ba. Ranar Laraba na nemi unguwarku na ce zan duba mara lafiya. Aka nuna mini shago. Na tarar da shi a tsaye. Ya yi mini aski a tsaye."

Baba yana ta aikinsa a ƙarƙashin haɓa, kamar labarin wani ake bayarwa.

"A ranar zanen guda uku ne. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce ya ji ɗansa zai yi aure, yana so ranar ta same shi da hannunsa."

Yaya ta dafa tulin kujeru.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba, Baba?"

"In gaya wa kula?"

Alƙali ya ɗaga haɓa sama. Askar ta sauka kan maƙogwaro. Ya yi magana a haka, leɓɓansa kawai ke motsi.

"Akwai abin da ni ma ban gaya maka ba, maigida. Yarinyar da ɗanka ya aura, 'yata ce."

Askar ta tsaya.

Ta tsaya daidai kan jijiyar da ke bugawa a gefen wuya. Yaya tana ganin bugun yana taɓa bakin ƙarfen.  Can cikin zaure ana tafi saboda an yanka wani abu.

"Kada ka yi magana," in ji Baba. "Muna kan maƙogwaro."

Ya ƙarasa. Ja huɗu, a natse. Ya tsoma tsumma a sauran ruwan zafi ya goge fuskar, ya juya ta dama da hagu yana dubawa a hasken taga. Ko ƙwarzane babu. Sannan ya naɗe askar, kuma yana naɗe ta hannun ya koma rawa.

"Wata biyar kana zama kujerata," ya ce. "Da ka faɗa, da na canja maka tawul."

"Tawul ɗin ba laifi. Me ya faru yau?"

Baba ya zauna a kan naɗaɗɗen kafet. Ya daɗe yana kallon maɓallin rigarsa.

"Duk angon da aka yi a layinmu, da safen ranarsa yakan zo kujerata. Har 'ya'yan waɗanda ba sa gaishe ni. Na ce nawa ma zai zo. Na goge riga tun jiya, na wasa aska, na share shago. Na zauna. Duk motar da ta tsaya sai in miƙe." Ya goge baki. "Da rana ta take, mai shagon kusa da ni ya kira ni ya nuna mini waya. Hoton Auta, da takardar shirin taro. Ya ce maigida, duba abu na tara."

 Yaya ta manta da abu na tara. Ita ta rubuta shi da hannunta, don ƙaryar ta ƙara zama daram.

"Addu'a ta musamman ga mahaifin ango, wanda ke kwance." Baba ya faɗe shi tiryan-tiryan, kamar ya haddace. "Na karanta sau biyu. Na ce to, tunda a kwance nake, bari in je in nemi abin da zai kwantar da ni."

Lasifika ta ce an zo abu na bakwai.

Alƙali ya miƙe, ya kwance tsumman wuyansa, ya mayar da hula.

"A kira mini ango."

"Ranka ya daɗe," in ji Yaya, "shi ba ruwansa. Ni na tsara. Ni na ce masa ya yi shiru."

"Ya kuwa yi shirun. Shekararsa nawa?"

"Ashirin da tara."

"To ya isa a kira shi." Ya gyara zaman rigarsa. "Aure an ɗaura, ba na kwance abin da na ɗaura. Amma 'yata ba za ta tare a gidan da ake ajiye uba tare da kujeru ba. Yau ubansa ne. Gobe ni ne."

Sannan ya ƙara da muryar da ba ta kotu ba.

"Ni ma na yi uba. Ni ma na samu ɗaki irin wannan. Nawa yana da makulli."

Ba wanda ya isa ya tambaya.

Kawu ya dawo da Auta. Ango ya shigo yana ƙamshi, riga tana ɗaukar ido, yana tambayar me ya faru ana jiransa a hoto. Ya ga surukinsa. Ya ga mutumin da ke kan kafet. Fuskarsa ta zube.

"Baba."

"Juya in gani."

Auta ya dubi Yaya, kamar yadda ya saba duban ta tun yana ɗan makaranta in an tambaye shi abin da bai sani ba. A karo na farko ta kau da kai.

"Ka ji abin da ubanka ya ce," in ji Alƙali.

Ya juya.

"Kun gani?" in ji Baba. "Faɗin yatsa. Wa ya yi maka wannan?"

"Wani shago ne a cikin gari."

"Mai sanyi da talabijin?"

"E."

"Talabijin ɗin yake kallo."

Auta ya juyo. Idonsa ya cika.

"Baba, na so in zo da safe. Wallahi har na kama hanya. Na ji tsoron abin da zan tarar."

"Da ka tarar da shago a share."

Alƙali ya nuna kujerar da ya tashi daga kai. 

Auta ya dubi kujerar, ya dubi hannun ubansa da ke karkarwa a kan gwiwa. Yaya ta san abin da yake tunawa. Shekara huɗu baya, wannan hannun ya yanki kunnen wani tsoho, kuma Auta ne ya kai mutumin asibiti da rigarsa a jiƙe da jini.

Ya cire hula. Ya zauna.

Baba ya miƙe, ya ɗaura tsumma, ya shafa kumfa a ƙeya. Ya warware aska, ya wasa ta. Ja goma, ja goma sha biyar, ja ashirin. Sautin bai daidaita ba. Hasken yana ta yawo a rufi, ya fi na ɗazu ma.

Ya ɗaga hagunsa zai ɗora a kan, hannun ya tsaya a iska.

"Na Mai Laraba kai ne kawai," ya ce, muryarsa ta dushe. "Wannan tun yana kamar lemo nake riƙe shi. Uwarku tana riƙe da ƙafafu, yana ihu." Ya sauke askar. "Ba zan iya ba."

Lasifika ta ce an zo abu na takwas.

Auta bai juyo ba. Ya miƙa hannu baya, ya lalubo hagun ubansa, ya ɗora shi a tsakiyar kansa, ya danne da nasa.

"Yi, Baba."

Numfashi ɗaya. Biyu. Yaya ta ƙirga har bakwai.

Hasken ya tsaya.

Askar ta sauka a bayan kunnen dama, ta fara tafiya a hankali, tana sauke layin da wani ya bari a karkace. Kawu yana motsa leɓɓa ba sauti. Alƙali ya harɗe hannu a baya, yana kallo irin kallon da ake yi wa abin da ba za a sake gani ba. Yaya ta ga hawayen Auta yana ɗiga kan tsumman tebur, kansa kuwa ko gezau.

Sun kai tsakiyar ƙeya aka buga makirfo sau biyu.

"Jama'a, a natsu. Abu na tara. Kamar yadda kuka sani, mahaifin ango bai samu halarta ba, yana gida kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Mu ɗaga hannu mu roƙa masa sauƙi."

Askar ta tsaya a kan fata.

Ta cikin bango aka ji mutum ɗari uku sun ce amin da murya ɗaya. Amin ce mai kyau, ta mutanen da suka ƙoshi.

Baba bai ɗaga askar ba, bai kuma ja ta ba. Bai dubi kowa ba sai ƙeyar ɗansa.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Addu'ar doguwa ce?"

"Na ce a ba ta minti biyar."

"To zan gama kafin su gama. Sai ku fitar da ni ta bayan kicin. Kawunku ya tura motar."

Ya ci gaba da aski.

Yaya ta dubi Alƙali. Ya bar ta, kamar yadda ya saba barin mutane, ta gama maganarta da kanta.

Ta sunkuya gaban ubanta, a ƙarƙashin hannun da ke riƙe da aska, ta cire maɓalli na biyu daga ramin na uku ta mayar da shi inda ya dace. Rabonta da gyara masa riga shekara uku.

Ta buɗe ƙofa. Ta bi lungun, ta wuce kicin, ta tura labulen da ita ta zaɓi launinsa. Zaure ya cika da hannuwa a ɗage, kawuna a sunkuye. Amarya ce kaɗai ta ɗago, tana neman mijinta da ubanta.

Ƙarar takalmin Yaya kawai ake ji har ta kai gaban dandamali. Mai gabatarwa ya buɗe ido, ya yi mata alama da hannu cewa ba a gama ba.

Ta karɓe makirfon daga hannunsa.

"Ku sauke hannuwanku," ta ce. "Mahaifina a tsaye yake."